Sannu da Yaƙi, Barden Alƙalami

Ranka ya daɗe, barden alƙalami, sannu da dawowa daga fagen fama. Labari ya iso mana na irin ɓarnar da ka yi wa abokan gaba a littafinka na baya-bayan nan, yadda jaruminka ya kutsa cikin dakaru 9,000 shi kaɗai, ya yi ta zubar da kawuna kamar ana kakkaɓar mangwaro, ya fito ko rawaninsa bai karkace ba. Mu mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam mun ga bai kamata a yi wannan gagarumin aiki mu yi shiru ba, tunda muna cikin masu cin albarkacinsa. Kullum da sassafe, idan samarinmu suka duƙa dashen shinkafa, ruwa har ƙauri, waya na cikin aljihun gaba tana karanto musu jarumtarka. Mai tura finafinai na bakin kasuwa ya cika musu memori da ita, babi bayan babi. Ruwan madatsar Tiga na bin kanal yana shiga gonaki, muryar mai karanta littafinka na bin iska tana shiga kunnuwa. Wancan yana raya shinkafa da alkama da tumatir. Abin da wannan ke rayawa kuwa, shi ne dalilin wannan gaisuwa.

Na san ba kai kaɗai ba ne. Kuna da yawa, maza da mata, wasu a takarda, wasu a WhatsApp, wasu a YouTube, wasu a gaban kyamara. Amma a al'adarmu, idan za a gai da runduna barde ake kira. To ga kirarinka: Barde mai yaƙi daga kan katifa! Na gaban fanka, mai kashe dubu kafin shayi ya huce! Dokin mai baki ya fi gudu!

Abin da za mu fara gode maka a kai shi ne tsabta. Kafin zuwanka mun ɗauka yaƙi ƙazamin abu ne. Waɗanda suke cikin Kano ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 labari maras daɗin ji suka ba mu: ƙarar bama-bamai da yamma, hayaƙi a kan ofisoshin 'yan sanda, mutum aƙalla 185 a yini guda, sannan iyaye na bin gawawwaki a asibitin Murtala suna buɗe fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Cikin mamatan har da ɗan jaridar gidan talabijin na Channels, Enenche Akogwu, wanda aka harbe yana tsakiyar neman labari. Kai kuwa sai ka zo ka wanke mana yaƙi tas, ka shanya shi, ka goge, ka fesa masa turare. A littafinka jini na malala kamar ruwan Agusta, amma babu mai jin ƙarni. Dubban mutane sun faɗi, amma babu wanda ya yi musu wanka, babu wanda ya auno likkafani, babu wanda ya haƙa kabari. Babu matar da ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma tana tunanin abin da za ta ɗora a murhu. Babu yaron da aka cire daga makaranta saboda mai biya masa ya tafi. Matattunka masu ladabi ne, da sun faɗi sai su ɓace daga shafi don kada su tare wa jarumi hanyar zuwa zance.

Sannan ka iya zaɓen jarumi. Idan ba ɗan sarki ba ne mai takobin da aljanu suka ƙera, to Kyaftin ne ko Manjo, ɗan hamshaƙin attajiri, fari, dogo, miskili, wanda ba ya murmushi sai a shafi na 200. Yakan ɗan leƙa dajin Sambisa tsakanin tafiyar Dubai da ta Landan, harsashi ya shafe shi a kafaɗa, daidai gwargwadon da zai ba budurwa damar yin jinya. Babbar sadaukarwarsa ita ce ya bar wa ƙaninsa yarinyar da yake so, ita ma kafin littafi ya ƙare ƙanin zai rasu a hatsarin mota, a dawo masa da abarsa. Allah ya saka maka da alheri da ka koya mana cewa sadaukarwa bashi ce da ake biya da riba kafin shafin ƙarshe. Ka hutar da mu daga tunanin kurtun soja ɗan talaka, wanda ke shafe watanni bai ga iyalinsa ba, wanda matarsa ke jin labarin rasuwarsa ta waya tana tsakiyar wanke-wanke.

Da ba don kai ba, da mun ci gaba da ruɗar kanmu da wasu mutane da ba za su yi kyau a bangon littafi ba. Dubi dogaran Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero da direbansa, waɗanda suka rasa rayukansu ranar 19 ga Janairun 2013, lokacin da aka buɗe wa ayarinsa wuta kusa da Masallacin Murtala. Sarki ya tsira, su ba su koma gida ba. Ina daɗin wannan labari? Ba budurwa, ba gado, ba jirgin sama. Ko matan nan 9 masu aikin rigakafin shan inna da aka harbe a Kano ranar 8 ga Fabrairun 2013. Sun fito da akwatin sanyi da 'yar kwalbar ɗigo, a kan alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba, don 'ya'yan wasu su taka ƙafafunsu. Abokan aikinsu sun san abin da ya same su, amma suka sake rataya akwati suka shiga lunguna, shekara bayan shekara, har aka kai ranar 25 ga Agustan 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ka yi daidai da ka tsallake su. Mace mai hijabi da silifas, ƙafa duk ƙura, wa zai ƙona datarsa don ya ji labarinta?

Inda gwanintarka ta kai maƙura kuwa, shi ne kwalliyar da ka yi wa ɗan ta'adda. A hannunka mai satar mutane saurayi ne mai taushin zuciya wanda duniya ta juya wa baya. Ya tare yarinya a hanyar makaranta ya kai ta daji, ta yi kuka babi uku, a na huɗu ta lura yana da dara-daran idanu, a na goma ta ƙi komawa gida, a ƙarshe a yi kamu da walima, a kai amarya gidan bene. Madalla da wannan fassara! Ashe iyayen 'yan mata 276 da aka kwashe a Chibok a Afrilun 2014, da na 110 da aka kwashe a Dapchi a Fabrairun 2018, da na 279 da aka kwashe a Jangebe a Fabrairun 2021, rashin karanta littafinka ne ya hana su barci. Da sun karanta ka, da sun gane surukai suka samu.

Ita kuwa yarinyar nan 'yar shekara 13 da aka ɗaura wa bam aka turo Kantin Kwari a Disambar 2014, ta ga abokan tafiyarta biyu sun tashi nasu, ita ta ƙi taɓa nata, daga baya ta shaida wa manema labarai cewa mahaifinta ne ya miƙa ta ga mutanen daji, ba ka ɓata tawadarka a kanta ba. Me za a rubuta a kan yarinyar da duk jarumtarta ita ce ta ƙi danna maɓalli? Ba sara, ba suka, ba ƙarar takubba. Mutanen da ke yawo da ransu yau a Kano saboda wannan ƙin da ta yi, su kansu ba su san kansu ba, balle su nemi littafi a kanta.

Ga ka da kunya da kawaici, ba ka taɓa kawo mana yaƙi kusa da gida ba. Yaƙe-yaƙenka a bayan teku na bakwai ake yinsu, a biranen da babu su a taswira, inda babu wanda zai ce ɗan uwansa ne aka kashe. Alhali a nan kan titin Kano zuwa Zariya, maƙwabtaka da Kura, akwai ƙauyen Dakasoye na ƙaramar hukumar Garun Malam. Ranar Juma'a 27 ga Nuwamban 2015, ayarin mabiya Shi'a masu tattakin Arba'in daga Kano zuwa Zariya ya iso wurin, wani ya kutsa cikinsu ya tashi bam. Mutum aƙalla 21 suka mutu, Boko Haram ta ce ita ta aiko shi. A bakin gonakinmu aka yi wannan, lokacin da ake kwashe shinkafar damina ana shirin tumatirin rani. Wa ya fara isa wurin? Wa ya ɗauki masu rauni? Me manomin da ke gefen titi ya gani, kuma yaya ya kwana a daren? Ka sha wucewa ta wurin a mota, ba ka taɓa cewa direba ya tsaya ba. Wannan shi ne ladabi, ba a tayar wa mutane da miki.

Shekara guda kafin nan, ranar Juma'a 28 ga Nuwamban 2014, an tayar da sallah a babban masallacin Juma'a na Kano da ke jikin fadar Sarki, bama-bamai suka tashi, harbi ya biyo baya, fiye da mutum 100 suka rasu. A ranar, mutanen da ba su da bindiga suka yi kukan kura suka tunkari masu bindiga. Shekara 6 cif bayan wannan, ranar 28 ga Nuwamban 2020, aka yi abin da ko a mafarki manomin Kura ya gan shi sai ya farka da salati. Manoman shinkafa irinmu, da lauje irin namu, suka fita daga Zabarmari zuwa gonakin Koshebe a jihar Borno. Sun san dajin ba lafiya. Amma shinkafa ta nuna, idan ba a yanka ba za ta zube, idan ta zube gida zai shekara da yunwa. Suka fita. Aka ɗaure su aka yi musu yankan rago. Washegari gawa 43 aka jera aka yi wa sallah, daga baya aka ci gaba da gano wasu. Cikinsu har da 'yan ƙwadagon da suka taso tun daga Sakkwato don neman abin kai wa iyali.

Ƙarshen Nuwamba sau uku, kaka uku, jana'iza uku. Marubuci maras basira sai ya ce ga littafi nan a kwance yana jiran mai ɗauka. Kai da yake gwani ne, ka san manomi ba ya jarumi. Aikinsa a labari shi ne ya zama uban yarinya matalauciya, ya durƙusa yana hawaye lokacin da suruki ke miƙa masa mukullin gida.

Ka kuma wuce magabatanka nesa ba kusa ba. Tun gasar 1933 da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, yaƙi ke cikin ƙagaggen labarin Hausa. Amma dubi yadda suka yi wasa da damarsu. Bello Kagara, kafin ya kai Ganɗoki duniyar aljanu, sai da ya tsaya a kan yaƙin da aka yi da Turawa a ƙasar nan, a garuruwa masu suna waɗanda kakanni suka sani. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya samu zamanin harin kamun bayi, cike da dawakai da masu, maimakon ya bi mahaya sai ya bi yaron da aka sace, da uwar da ta bar komai ta ratsa hamada tana nemansa, ta faɗa bauta, ba ta sa shi a ido ba sai dab da ajalinta. Mai karatu ya rufe littafi jikinsa a sanyaye, ko kaɗan ba ya sha'awar hawa doki ya kai hari. Wannan ai asara ce a kasuwa.

Abubakar Imam ma haka ya yi sake. A littafi na farko na Magana Jari Ce, sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa na ɗokin ya bi sahu, ga waziri ya ɗana tarko a waje. Sai aku ya yi ta jan sa da labari, dare bayan dare har gari ya waye, don kada ya fita. Wato a wurin Imam, amfanin labari shi ne ya riƙe yaro a gida ya tsira da ransa. Kai ka gyara wannan kuskure: naka akun labari yake bayarwa don yaro ya ji gida ya ishe shi. Har a zamaninka akwai masu maimaita kuskuren dattawa. A 2016, shekarar da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata, Aisha Muhammad Sabitu ta zo ta ɗaya da labarin Sansani a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya shigo da waɗanda rikici ya raba da gidajensu, da samarin da ake ja da daɗin baki. Waɗannan sun zaɓi wahala, sai sun duba, sai sun tambaya, sai sun saurara. Kai ba ka buƙatar tambayar kowa komai.

Na san amsarka, kuma ba amsar banza ba ce: mutane sun gaji da baƙin ciki, nishaɗi suke nema. Gaskiya ne, yaron da ya wuni a rana yana bugun shinkafa ya cancanci abin da zai ɗebe masa kewa. Shi ya sa ka zaɓar masa nishaɗin da ya fi dacewa da zamaninsa. Yana rayuwa a ƙasar da ake jan samari daji da alƙawarin babur da bindiga da mata, kai kuma kana raɗa masa a kunne, safe da yamma, cewa mai makami shi ne namiji, shi mata ke so, shi ake tsoro, ba ya mutuwa, in ma ya mutu da murmushi zai tafi. Lauje kuwa ba ya kai mutum ko'ina. Ban ce littafinka ya taɓa kama hannun wani ya kai shi daji ba. Amma mu nan mun san aikin ban ruwa: kaɗan-kaɗan ne, a kai a kai, har ƙasa ta yi laushi ta karɓi duk irin da aka jefa mata. Kai ban ruwa kawai kake yi. Mai shuka wani ne daban, kuma yana gode maka.

Ka kyauta kuma da ba ka gaya wa yaron cewa yaƙi ya daɗe da shigowa gonarsa ba tare da ya ji ƙarar bindiga ba. Bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, samarin ƙauyuka da ke cin abinci da babur suka dawo gida hannu rabbana. A shekarun shingayen bincike, motocin tumatir daga kasuwar Kwanar Gafan sun sha bin layi a rana, kaya na narkewa a kwando. A 2022 Rasha ta afka wa Yukiren, buhun taki ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin Kura da Bunkure, yaƙin da manomi bai san mafarinsa ba ya shigo masa har cikin rumbu. Cikin masu neman ƙwadago a bakin gona akwai wanda idan ka tambaye shi garinsu, sai ya ambaci wani ƙauye na Zamfara ko Katsina ko Borno, ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Duk waɗannan ba su da amon takobi, don haka ba su isa shiga littafinka ba.

To barde, kirari ya ƙare, ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Babu laifi a ƙaga labari, babu laifi a rubuta soyayya ko aljanu ko jarumta. Laifin shi ne a ɗauki abin da ya mayar da yara marayu, ya tashi garuruwa, ya hana noma, a mayar da shi alewa, a sayar wa 'ya'yan waɗanda abin ya ci. Wanda ya yi haka ya ƙara wa mamata zalunci a kan zalunci: an kashe su, sannan an ɗauki matsayinsu an ba ɗan sarkin ƙarya. Ƙagaggen labari yana iya abin da rahoton rediyo ba ya iyawa. Rahoto zai ce 43 ya wuce. Labari ne zai sa mu san ɗaya daga cikinsu, abin da ya karya kumallo da shi, bashin takin da ke kansa, maganar da ya faɗa wa matarsa a bakin ƙofa. Adadi yana gushewa daga zuciya kafin a ƙare labaran wasanni, amma mutumin da aka sani ba ya gushewa. Yaron da ya san shi ba zai ƙara jin daɗin ƙarar bindiga ba.

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, yankin nan ke ciyar da Kano da wajen Kano, rani da damina. Mutanen da ke wannan aiki suna da tsoro da bashi da soyayya da ƙarfin hali da za su cika littattafai. Ka zo Kura a ƙarshen Nuwamba, tafiyar ba ta kai awa guda ba daga birni. Ka zauna da matan da ke turara shinkafa, da masu yanka da bugu, da direbobin Kwanar Gafan, da baƙin da yaƙi ya koro. Ka tsaya a Dakasoye. Ka nemi izini, ka saurara, ka sauya sunaye don kare mutuncin mutane, sannan ka rubuta. Allah ya ba ka baiwa, domin wanda ya iya riƙe kunnen saurayi tun daga hantsi har la'asar ba ƙaramin gwani ba ne, wannan kam da gaske nake faɗa. Ka juya ta ta kalli gida.

Waɗanda suka ba da rayukansu a ƙasar nan ba su nemi kirari ba. Haƙƙinsu a kan masu alƙalami shi ne a faɗi gaskiyar abin da yaƙi ya yi musu, a kuma hana shi yin kyau a idon 'ya'yansu. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ba ƙasarmu lafiya, ya ba marubutanmu ƙarfin halin sauke wannan nauyi.